Yadda za ki gane abin da ya sa wani nobel ya shiga ranki, wani kuma ya ƙona miki rai

Akwai tambayar da na kusa daina yi wa ƙawayena in sun gama littafi, wato "ya kika gan shi?" saboda tun kafin su buɗe baki na san amsar, ɗaya ce cikin biyu, ko dai "wallahi ya yi daɗi" ko kuma "ni dai bai min ba". Shikenan fa. Littafin da mutum ya kwana uku a kansa, ya ƙarar da data, ya hana idonsa barci har aka kira assalatu, wata ma har tuwonta ya kama a tukunya, amma in an tambaye ta kalma huɗu ko biyar ce za ta ba ki. Abin nan yana damuna sosai don na san abin da ke cikin zuciyarta ya fi haka yawa nesa ba kusa ba, hanyar fito da shi ce ba mu saba ba. Ni ma haka na yi shekaru ina yi. Da littattafan haya na fara, yayata ke aikena wani ɗan shago a unguwarmu a nan Kano in karɓo mata na ɗaya, gobe in mayar in karɓo na biyu, a hanya nake fara leƙawa, to tun daga lokacin har aka koma karatu a waya na karanta abin da bansan adadinsa ba, kuma da yawa daga ciki yau in kin tsare ni ba zan iya gaya miki me na so ko me na ƙi a cikinsu ba, sun wuce kamar ruwa a kwando. Shi ya sa na nemar wa kaina hanya, ita ce zan kwatanta miki. Da mata nake magana don mu muka fi yawa a harkar nan, amma maza masu karatu da ku nake duka.

Abu na farko, kuma in kika tsallake shi sauran ba za su yi ba: ki rubuta abin da kika ji kafin ki ji ta bakin kowa. Da kin kai inda marubuciya ta ce nan ta kawo ƙarshen labarinta, kar ki buɗe guruf ɗin masu karatu, kar ki kira ƙawarki, kar ki duba me wasu suka ce. Ra'ayi kamar atamfa mai zuba ne, in kika jiƙa ta a bokiti ɗaya da farin mayafinki ko minti goma ne sai ya ɗauki launinta, daga baya kuma ba za ki iya tuna asalin farinsa ba. Sau nawa na gama littafi raina a jagule, na shiga na tarar kowa na yabo, kafin magariba ni ma na fara cewa ai ya yi, alhali a cikin zuciyata bai yi ɗin ba. Ki samu ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta ki keɓe shi don wannan kawai. In rubutu da biro yana miki wuya ki tura wa kanki saƙo a WhatsApp, ko ki ɗauki muryarki na minti biyu, duk ɗaya ne, sai dai ni na fi yarda da takarda don waya tana lalacewa ta tafi da komai.

Me za ki rubuta? Kwanan wata, sunan littafin, sannan a ina kike kuma a wane hali kike lokacin da kika karanta. Wannan na ƙarshen mutane na raina shi amma yana da muhimmanci ƙwarai, littafin da kika karanta kina zaman jinya a asibiti ba ɗaya yake da wanda kika karanta kina hutu a gidanku ana dafa miki ba. Daga nan sai ki rubuta abin da jikinki ya yi, ba abin da kanki ya ce ba. Kin yi kuka? A ina? Kin kife wayar don kunya? Kin yi tsaki? Kin riƙa jan feji da sauri kina tsallakewa? Kin ajiye kin tashi kin sha ruwa don gabanki na faɗuwa? Baki yana iya kara, yana iya bin ra'ayin jama'a, amma jiki ba ya wannan.

Sai babban aikin, wanda shi ne zuciyar maganar tawa gaba ɗaya: ki nemo wurin. Duk littafin da ya kama ki akwai takamaiman wurin da ya kama ki, duk wanda ya sake ki akwai wurin da ya sake ki, kuma in kin koma kin duba za ki same shi, wani lokacin ma layi biyu ne kacal. Kar ki yarda da "gaba ɗayansa ne ya min daɗi", wannan amsar gajiya ce. Ki koma baya ki tambayi kanki, a wane feji ne na daina jin ana kirana a tsakar gida?

Bari in ba ki nawa. Akwai wani littafi da na daɗe ina cewa ina sonsa saboda soyayyar da ke ciki, har na zauna na nemi wurin sai na ga ashe ba soyayyar ba ce sam. Wurin shi ne ranar da za a kawo wa uwargida amarya. Na saba a irin wannan rana a sa ta kuka, ta faɗi a kan gado, a cika feji uku da yadda zuciyarta ke tafasa. Ita wannan marubuciyar ba ta yi haka ba, sai ta sa matar ta shiga kicin da sassafe ta zazzage cokula a tire tana ƙirgawa, tana ware waɗanda ta zo da su daga gidansu da waɗanda mijin ya sayo, ta ƙirga ta sake ƙirgawa, 'yarta na tambayarta Umma me kike nema ta ce ba komai. Ba a ambaci kalmar kishi ko sau ɗaya ba a wurin, amma wallahi sai da na ajiye littafin na yi shiru. Da na gano wannan sai na gane wani abu game da kaina a matsayin mai karatu: ni marubucin da ya bar min fili in ji abin da kaina shi nake so, ba wanda zai riƙe min hannu yana ce min ga inda za ki yi kuka ba. Kinga daga ranar na san irin littafin da zan nema, na daina ɓarnar kuɗi da lokaci a kan kowane aka ce ya yi.

Haka nan wanda na ƙi. Wani ne da aka yi ta yayi, saurayi attajiri mai ji da kai, yarinya 'yar talakawa mai aiki a gidansu, ya keta mata haddi, daga baya aka aura masa ita aka ƙare da soyayya. Da farko na ɗauka abin da ya yi mata ne ya sa na tsani littafin. Da na nemi wurin sai na ga ba nan ba ne, don ai irin wannan zaluncin yana faruwa a garuruwanmu kuma ya kamata a rubuta shi, ɓoye shi ba ya maganinsa. Wurin da littafin ya sake ni yana can gaba, inda mahaifiyar yarinyar ta ce mata ta gode wa Allah tunda ga shi sanadin abin ta samu gidan hutu, kuma marubuciyar ta tsaya a bayan wannan maganar, babu wanda ya musa a cikin labarin, babu hukunci, babu ko neman gafara na gaskiya, sai lissafin akwatunan lefe. Toh a nan ne raina ya ɓaci. Akwai bambanci babba tsakanin littafi ya nuna mugunta da littafi ya wanke mugunta, kuma ba za ki iya gane wanne ne a gabanki ba sai kin nemo wurin.

In kin samo wurin sai ki tambaya, laifin ko daɗin na waye? Waɗanda suka yi darasin Hausa a sakandare za su tuna ana raba nazari zuwa jigo, zubi da tsari, salo, da taurari. Kar sunayen su ba ki tsoro. Jigo shi ne abin da labarin ke son faɗa, zubi da tsari shi ne yadda aka jera abubuwan da suka faru, me ya zo kafin me, salo shi ne bakin marubuciyar, yadda take sarrafa harshe, taurari kuma mutanen cikin labarin. Amfanin wannan rabon shi ne littafi zai iya yin kyau a ɗaya ya faɗi a ɗaya. Na sha karanta labari mai jigo mai kyau, a kan auren dole ko halin da zawarawa ke shiga ko shaye-shayen matasa, amma an jera shi a hargitse har ki rasa wa ya haifi wa. Na kuma sha karanta wanda labarin ba komai ba ne, an ji irinsa sau ɗari, amma bakin mai shi akwai zaƙi, hirar mutanen ciki kamar kina laɓe a bayan ƙofa kina jin maƙwabta. In kin iya cewa "jigon ya min, tsarin ne ya gajiyar da ni" kin riga kin faɗi abin da zai amfani mai sauraronki.

A kan taurari akwai kuskuren da muke yawan yi, ina so ki kiyaye shi. Tsanar wata a cikin labari ba tsanar littafin ba ce. In akwai uwar miji ko kishiya ko dangin uba da kika tsana har kina magana ke kaɗai a ɗaki, toh marubuciyar ta ci nasara a kanki ne, ta gina mutum har kin manta takarda ce. Tambayar da ya kamata ki yi ita ce, wannan matar mutum ce kuwa? Tana da dalili, ko da mugun dalili ne? Akwai abin da take tsoro, akwai wanda take so? Ko kuwa an ajiye ta ne kawai tun daga fejin farko har na ƙarshe ba ta da aiki sai zuwa gidan boka? Haka ita ma tauraruwar, in ta cika kyau da haƙuri da ilimi da iya girki da gashi har gadon baya, ba ta taɓa yin kuskure ba sai dai a yi mata, ni kam nan take nake jin na yi nisa da ita, don ban taɓa haɗuwa da irinta ba a gidan suna ko a layin awo. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in ɗauko wata da na sani a zahiri mai irin halin in tambayi kaina, da ita ce za ta yi abin da wannan ta yi? In amsar a'a ce sau uku a jere, na san abin da ke damuna da littafin.

Bayan waɗannan huɗun akwai na biyar da ba a koyar da shi a aji, shi ne abin da ke kika zo da shi. Nan ne ake buƙatar gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Inada ƙawa da iyayenta suka rabu tana ƙarama, duk littafin da aka yi saki a ciki sai ta ce bai yi ba, ko waye ya rubuta. Ni kuma tun rashin lafiyar mahaifina duk wurin da aka kwantar da tsoho a gadon asibiti sai na yi kuka, ko da an rubuta shi sama-sama, kuma na daɗe ina ba irin waɗannan littattafan yabon da ba su kai ba. Wannan ba laifi ba ne, ai da rayuwarmu muke karatu, ba wanda ke ajiye zuciyarsa a bakin ƙofa kamar takalmi. Abin da ake so kawai ki san shi, ki iya rubuta "wannan ni ce, ba littafin ba". Ƙiyayyar da ta fito daga tabonki gaskiya ce a wurinki, amma bai kamata ki hana wata karanta littafin saboda ita ba.

Sai gajiya, wadda ita ce ta fi yawan sa mu ce littafi bai yi ba. In kin ga kina tsallake feji ki tsaya ki duba me kike tsallakewa. Yawanci za ki tarar kwatancen kaya ne, falo da kujeru da labule, kalar leshi da sarƙa da turare, sunan mota, ko gaisuwa da aka bi ta tun daga ina kwana har ya yara ya mai jiki ba a rage komai ba. Yana da kyau ki san daga ina wannan jan yake zuwa. A zamanin bugawa ana raba labari ɗaya gida biyu ko uku ko fiye, a yanke a daidai inda hankali ya tashi don a dawo a sayi na gaba. Yanzu kuma da ake sakin labari feji-feji a waya, marubuciya na da masu jira kullum, wasu sun biya kuɗi, in ta kwana biyu ba ta saki ba an fara ƙorafi, toh dole wata rana ta cike gurbi da abin da bai ƙara wa labarin komai ba. Sanin wannan ba zai sa gajiyar ta zama daɗi ba, amma zai sa ki iya faɗin gaskiyar magana, cewa labarin mai kyau ne an ja shi ne ya wuce tsawonsa. Kuma littafin da kika bi kullum feji ɗaya kina ɗokin gobe, in kika haɗa shi kika karanta a zama ɗaya wani lokacin sai ki ga ɗokin jiran ne ya ba shi rabin daɗinsa.

Masu saurare a YouTube ko a rediyo, ku ma akwai naku. Murya mai daɗi tana ɗaga labari mara ƙarfi, mai karatu mara kuzari kuma yana kashe mai kyau. Kafin ki yanke hukunci ki nemi ko feji biyu ne ki karanta da idonki.

Maganar harshe zan taƙaita. Rashin aya da waƙafi, haɗe kalmomi har ki rasa inda magana ta ƙare, cusa Turanci a bakin tsohuwar ƙauye da ba ta taɓa shiga aji ba, duk waɗannan kina da haƙƙin ki ce sun dame ki. Amma ki bambanta kuskure da karin harshe. In marubuciya ta sa mutumin Sakkwato ya yi Sakkwatanci, ko 'yar Maraɗi ta ce lakwal maimakon makaranta, wannan ba kuskure ba ne, ƙwarewa ce, Hausa ba a Kano kaɗai take ba.

Ana yawan tambayata ko dole ne a ƙarasa littafin da aka fara. Ba dole ba ne. Ni ƙa'idata ina ba shi kamar kashi ɗaya cikin huɗu, in har zuwa nan babu mutum ko ɗaya a ciki da na damu in san me zai same shi sai in ajiye, in rubuta fejin da na tsaya da dalili. Sharaɗin kawai shi ne in za ki ba wani labari ki faɗa cewa ba ki ƙarasa ba, kar ki yanke wa ƙarshen da ba ki gani ba hukunci.

Wanda kika so ma kar ki ƙyale shi haka. Ki nemo abu ɗaya da da ke ce za ki gyara. Wannan ya fi wuya fiye da sukar wanda kika ƙi, don so yana rufe ido, amma ba ya rage son ko kaɗan. Littafin cokulan nan da na ba ki labari, ƙarshensa an yi shi a gurguje, mutum biyu suka mutu a hatsarin mota a feji ɗaya don kawai a samu hanyar rufe labari, na rubuta hakan a littafina kuma har gobe yana cikin waɗanda nake ba mutane shawarar su nema.

Toh yanzu kin san abin da ke ranki, saura faɗa wa wasu, kuma a nan nake so mu yi hattara don maganar mai karatu tana da nauyi fiye da yadda muke zato. Gardama a kan littattafan nan ba yau aka fara ba. A shekarun 1990 malamai sun yi ta kai ruwa rana a jaridu, Ibrahim Malumfashi na sukar su da sunan adabin kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu na kare su suna cewa a karanta tukuna kafin a yanke hukunci. A 2007 kuma har ƙona littattafai aka yi a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Don haka kalmar "yana ɓata tarbiyya" ba ƙaramar kalma ba ce a ƙasar nan, tana iya jawo wa mace zagi har gidan aurenta. Ban ce babu littattafan batsa ba, akwai su, kuma ni ma ba na so su faɗa hannun ƙannena. In kin ga irinsa ki faɗa a fili, ki ce akwai wurare kaza da ba su dace da yara ba. Amma kar ki ɗora wannan tambarin a kan littafi don kawai ya taɓo abin da ba a son a taɓo, kamar dukan mata ko abin da ake yi wa 'yan aiki a gidajen masu hali. Tun da littafin Hafsat Abdulwaheed, So Aljannar Duniya, ya fito a 1980 mata ke ta faman buɗe wannan ƙofar, har aka zo BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, kuma mafi yawan masu rubuta mana abin da muke karantawa mata ne irinmu da ke rubutu da daddare bayan yara sun yi barci. Ki soki fejin, ki bar mai fejin. Ba ki san ta ba, ba ki san aurenta ba, ba ki san tarbiyyar gidansu ba, abin da kika sani shi ne abin da ta rubuta, toh ki tsaya a nan.

Yadda nake tsara nawa in zan faɗa, ko a baki ko a rubuce, ba ya wuce abu huɗu: wane irin labari ne ba tare da na tona ƙarshe ba, inda ya kama ni, inda ya sake ni, da kuma wa nake ganin zai dace da shi. Misali sai in ce, "labarin uwargida ne da aka yi wa amarya bayan shekara goma sha biyar, ba hayaniya a ciki, wurin da take ƙirga cokula ya tsaya min a rai, ƙarshen ne aka yi sauri, in kina son labarin da ake faɗa da dambe ba zai miki ba, in kina son mai sanyi da ke shiga a hankali ki neme shi." Kinga ban zagi kowa ba, ban yi ƙarya ba, kuma wadda ta ji ta san ko nata ne ko ba nata ba. Don Allah batun tona ƙarshe ki riƙe shi da kyau, wadda ta biya kuɗinta tana da haƙƙin ta isa wurin da ƙafarta. In kuma na kuɗi ne kika ji daɗinsa, ki tura ƙawarki ta saya, kar ki tura mata littafin, gumin marubuciyar ne.

In kika haɗu da wadda take mutuwar son littafin da ke kika tsana, kar ki fara da "me kika gani a ciki", tana jin haka za ta ɗaure fuska. Ki ce mata "wane wuri ne ya fi tsaya miki?" ki yi shiru ki saurara. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wata ƙanwata ta taɓa nuna min a cikin wani littafi da na raina cewa ita ba attajirin take bi ba, yarinyar da ta dage sai ta koma makaranta take bi, don ita ma a lokacin abin da take roƙo a gida kenan. Ban canza ra'ayina a kan littafin ba amma na ga abin da idona ya tsallake.

Abu na ƙarshe a tsarin littafin rubutun naki: duk sanda kika rubuta ra'ayinki a kan wani littafi, ki bar fejin da ke kallonsa fari, kar ki rubuta komai. Na ranar da za ki sake karantawa ne. Na koyi wannan ne daga Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da aka shirya a 1933 ƙarƙashin wani Bature, Rupert East, tun kafin a san zai zama Firayim Minista. Ina sakandare aka sa mu karanta shi, a lokacin kaina cike yake da littattafan haya, na ga babu saurayi babu budurwa, tafiya ce kawai da bayi da hamada, na karanta don jarrabawa na ajiye. Sai bayan na haihu, ina zaman wanka a gida, na tsince shi a cikin kayan ƙanena na buɗe don rage dare. Labarin yaron da aka raba da uwarsa yana ƙarami na nan yadda na bar shi, amma a wannan karon ba yaron nake bi ba, uwar nake bi, wadda ta bar komai ta fita neman ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ana wucewa da ita gari bayan gari ba ta fasa tambaya ba. Jaririna na kwance a gefena yana numfashi, na kai hannu na dafa shi ban san na yi ba. Ba zan gaya miki yadda aka ƙare ba. A littafin rubutuna shi kaɗai ne na cike wa fejin hagu daga abin da na iya tunawa na 'yar shekara goma sha biyar, layi biyu ne, na dama kuma ya cika har na ɗora a gefe da ƙananan haruffa.